Layin madara a Anand

Takardar da na miƙa wa malamarmu shafi huɗu ce, kuma sai da na kwashe mako biyu ina gyara ta. Na cika ta da alƙaluma: yadda Indiya ta tashi daga ƙasar da ake yi wa sadakar madarar gari ta zama ta ɗaya a duniya wajen samar da madara tun 1998, da yadda ƙungiyoyin gama kai na jihar Gujarat suka tattaro masu tatsa kimanin miliyan 3.6 a ƙauyuka fiye da 18,000. A gabana ta karanta, ba ta ce uffan ba har ta kai ƙarshe. Sai ta ɗauki biro ta rubuta tambaya a ƙasan shafin farko: wa yake kwashe kashin dabbar da asuba, kuma sunan wa aka rubuta a littafin ƙungiya? Ta ce in je in gano, in na dawo ma yi magana.

Digirina na farko a fannin tattalin arziki na yi shi a gida. Tallafin karatu na gwamnatin Indiya, wanda hukumar hulɗar al'adu ta ƙasar, ICCR, ke bai wa ɗaliban Afirka, shi ya kai ni Delhi yin digiri na biyu a kan al'umma da siyasa da ci gaban Indiya ta wannan zamani. Karatu ne da ba shi da gida ɗaya. Yau muna gaban masanin tarihi yana ba mu labarin rabuwar ƙasar a 1947, gobe muna bin tsarin mulkin 1950 sashe bayan sashe da muhawarar da Ambedkar, shugaban kwamitin da ya tsara shi, ya yi a kansa, jibi kuma ga mu a gaban kwamfuta da alƙaluman ƙidayar 2011. A zangon farko abin ya dame ni ƙwarai. Gani nake ana ɗanɗana mana ta ko'ina, ba a bari mu ƙoshi da ko ɗaya. Ni dai na san lissafi, kuma a lokacin na yi imani cewa duk abin da lissafi bai kama ba, zancen shan shayi ne.

Da aka yi hutun watan Disamba muka kama hanyar Anand, garin madara na jihar Gujarat, ni da wata abokiyar karatuna 'yar asalin yankin, wadda ta yarda ta yi mini tafinta. Bayan azahar jirgin ƙasa ya tashi daga Delhi, ya bi ta Jaipur da Ajmer cikin dare. Gadon sama aka ba ni, a kansa na yi magariba da isha a zaune. Iyalin da ke ƙasa da mu suka kwance ƙunshin abincinsu suka miƙo mana wata siririyar gurasa da suke kira thepla. Ina kai ta baki na ji hulɓa, ƙamshin ya kai ni har ɗakin kakata. Da dattijon gidan ya ji daga Afirka nake, sai fuskarsa ta washe, ya ce ai yayansa a Kampala aka haife shi, suna cikin waɗanda Idi Amin ya kora a 1972, yanzu zuriyarsa tana Ingila. Daga baya na ga cewa a yankin da muka nufa wannan ba abin mamaki ba ne. Akwai ƙauyukan da za ka bi layi guda ka ga manyan gidajen bene a garƙame da kwaɗo, masu su suna London ko Amurka, sai lokacin biki suke leƙowa.

Gari ya waye mana a Ahmedabad. Awa uku kawai muka yi a birnin, amma na nace sai na ga masallacin Sidi Saiyyed, wanda wani Bahabashe ya gina wajen 1573. Tagoginsa na dutse ne da aka sassaƙa kamar saƙa, bishiya da rassanta sun nannaɗe juna. Na yi raka'a biyu a gefe na fito, muka hau wani jirgin zuwa Anand, tafiyar awa guda da 'yan mintoci. Ta taga sai gonakin taba da ayaba, kore shar, ƙasa shimfiɗe ba tudu. Charotar suke kiran wannan yanki.

Anand ba babban birni ba ne, kuma ba don madara ba da ban taɓa jin sunansa ba. A cikin harabar masana'antar Amul, sunan da ƙungiyar manoman ke sayar da madararta da shi, akwai gidan tarihi, nan muka fara. Labarin da hotunan bangon ke bayarwa na san shi tun a aji, amma ganin fuskokin mutanen ya sa na ji shi daban. Kafin 1946, kamfanin Polson ne kaɗai gwamnatin Turawa ta bai wa ikon tattara madarar gundumar Kaira yana kai wa birnin Bombay, tafiyar sama da kilomita 400. Madara ba hatsi ba ce da za ka zuba a rumbu ka jira ta yi tsada. In ba ka sayar da safe ba, da rana ta tsinke. Don haka duk farashin da dillali ya yanke, shi ke nan. Manoman suka kai kuka wurin Sardar Vallabhbhai Patel, jigo a fafutukar neman 'yancin ƙasar, ɗan Karamsad da ke nan kusa, ya ce su kafa ƙungiyarsu, in an hana su, su daina sayarwa. Suka yi yajin kwana 15, Bombay ta rasa madarar shayi, gwamnati ta sauko. A ranar 14 ga Disamba 1946 aka yi wa ƙungiyar rajista, Tribhuvandas Patel ne shugabanta. Da ƙauyuka biyu suka fara, abin da suke tarawa a rana bai cika lita 250 ba.

Verghese Kurien kuwa, wanda daga baya ya zama manajan ƙungiyar, ba da son ransa ya zo garin ba. Injiniya ne, Kirista ɗan Kerala, gwamnati ta biya masa karatu a Amurka, ta turo shi Anand a 1949 ya biya bashin da aiki. Saboda addininsa da cin namansa da rashin aurensa, ya rasa mai ba shi hayar ɗaki, a garejin mota ya fara zama. Shi ne ya ƙare rayuwarsa a garin, ya rasu a 2012, kuma yanzu ranar haihuwarsa, 26 ga Nuwamba, ita ce ranar madara ta ƙasa. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aikin abokinsa H. M. Dalaya. Yawancin madarar yankin ta ɓauna ce, irin ɓaunar gida da ake ɗaurewa a turke, kuma da sanyi take zuba da yawa, da zafi ta ja baya. Rarar lokacin sanyi ba ta da inda za ta. Masana daga ƙasashen waje suka ce madarar ɓauna ba ta zama gari. Dalaya ya mayar da ita gari, kuma a 1955 firaminista Nehru da kansa ya zo buɗe masana'antar.

A 1964 firaminista Lal Bahadur Shastri ya kwana a gidan wani manomi a ƙauyen Ajarpura yana sauraron mutane har tsakar dare, shekara ta zagayo aka kafa hukumar bunƙasa madara ta ƙasa a nan Anand. Da ƙasashen Turai suka rasa yadda za su yi da tarin madarar garinsu da man shanu suka ce za su ba Indiya kyauta, Kurien, shugaban hukumar, bai yarda a raba ta a banza ta kashe kasuwar 'yan ƙasa ba. Aka dama ta, aka sayar a manyan birane, aka gina masana'antu da ƙungiyoyin ƙauye da kuɗin. Wannan shiri ya gudana daga 1970 zuwa 1996. Na daɗe a tsaye gaban wannan allo, ina tuna gwangwanaye da 'yan ƙullin madarar waje da suka cika kowane shago a unguwarmu, alhali garken shanu na wucewa ta bayan gari kullum.

Wannan duk labarin da ke bango ne. Na biyun yana ƙauye, kuma shi ya ci mini kwana tara.

A gidan wata mata muka sauka, wadda abokiyata ke kira Masi, wato inna, ni ma na bi bakinta. Ita kuma dikri take ce mini, 'yata. Mijinta kuwa aka ce in kira shi kaka. Na yi turus, don bai kai mahaifina ba a shekaru, sai aka fahimtar da ni cewa a harshensu kaka shi ne baffa.

Ƙarfe huɗu na asuba na ji motsinta. Na fito da mayafi na tarar ta riga ta kunna fitilar rumfa. Ɓauna biyu ne da ita da saniya ɗaya, ruwa biyu, mai jinin shanun Turai. Da hannu ta tattara kashin a kwando ta kai bayan gida, ta share, ta zuba musu dusa, ta wanke hantsa da ruwan ɗumi, sannan ta durƙusa da bokiti tsakanin gwiwoyinta. Ban taɓa tsayawa kusa da ɓauna haka ba. Baƙa ce wul, fatarta kamar an shafa mata mai, numfashinta na fitar da tururi a cikin sanyin. Ɗayar ta ƙi sakin madara sai da Masi ta yi ta shafa mata wuya tana yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin yaro. Ƙarar madara a gindin bokitin tana farawa da ƙarfi, tana cika tana laushi. Kaka yana ɗaki yana barci. Amsar rabin tambayar malamata ke nan tun kafin a kira sallah.

Wajen shida muka isa ofishin ƙungiya, dudh mandali a bakinsu. Ɗaki biyu ne da baranda. Layi ya riga ya miƙe: mata lulluɓe da gyale, tsofaffi da hular sanyi, yara cikin kayan makaranta, kowa da kwanon ƙarfe mai marfi da mariƙi. Wani lita ɗaya ya kawo, wani da babur ya zo da manyan tuluna biyu. In layi ya zo kanka, sai ka faɗi lambarka, a juye madarar a ma'auni, a ɗebi 'yar kaɗan a ƙaramin kofi a sa a na'ura. Kafin ka rufe kwanonka, nauyin da yawan maiƙon sun fito a allo kowa na gani, 'yar na'ura ta tofo takarda mai ɗauke da kuɗin da ka samu. Maiƙon ne ke yanke farashi, shi ya sa ta ɓauna ta fi ta saniya kuɗi, kuma shi ya sa wanda ya ƙara ruwa kansa ya cuta. Ba ciniki, ba a dawo gobe, ba yau kasuwa ta cika. Duk abin da ka kawo za a karɓa, safe da yamma, kowace rana ta Allah, har ranar biki da ranar makoki. Madarar ta tafi babban tankin sanyi, motar tanka ta zo ta kwashe. A ɗaki na biyu ana sayar da buhunan abincin dabbobi, a bango kuma ga lambar likitan dabbobi da ta mai yin barbara ta allura.

Gaskiya abin ya burge ni, kuma har yau yana burge ni. Ƙungiyar na cewa kusan kashi 80 cikin 100 na kuɗin da mai saye ya biya a birni yana komawa hannun mai tatsa. Duk wanda ya taɓa ganin Bafulatana ta yini da ƙwarya a ka tana zagaya gari, la'asar ta yi ta karyar da nono don kada ta koma da shi, ya san darajar wurin da ba ya cewa a'a.

Na karɓi takardar Masi na duba. Sunan da ke jikin lambar na kaka ne. A da, in ji ta, kuɗin madarar safe da yamma ake ba ka a hannu, na yamma kuma washegari da safe, don haka duk wanda ya kai kwano shi ke karɓa, ita ke nan. Da aka koma biya ta banki duk kwana goma, sai kuɗin ya bi sunan da ke littafi. Ta ce ba ta zargin mijinta da ɓarna, mutumin kirki ne, amma abin da a da take ƙullewa a bakin zanenta yanzu sai ta tambaya. Maƙwabciyarta kuwa ta yi tsayin daka an buɗe mata lambarta da asusunta, kuma in kin ji yadda take magana a layi kin san ta san da haka. Na tuna darasin da aka yi mana a kan gyaran tsarin mulki na 73, wanda tun 1993 ya ware wa mata aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun ƙauye, Gujarat ma ta kai shi rabi. A wannan ƙauyen ma mace ce shugabar majalisa. Da muka je gaishe ta, ita ta kawo mana shayi, mijinta ya amsa tambayoyin.

Abin da aka fi yabon layin madara da shi shi ne wai ya karya jati. Jati shi ne gidan da aka haife ka a cikinsa, wanda ke yanke wa za ka aura, wace sana'a ce gadonka, a wace unguwa za ka zauna, a da ma har wa zai iya taɓa ka. Mu ma muna da sana'ar gado, kuma mun san gidajen da ake jan ƙafa wajen ba su aure saboda su mahauta ne ko wanzamai. Amma ba mu san a ƙi haɗa kwano da mutum ko a ƙi tsayawa sahu ɗaya da shi ba. A can, sashe na 17 na tsarin mulki ya haramta ƙyamar taɓa mutum tun 1950. Kuma a layin, na gani da idona, wanda ya riga zuwa shi ke gaba, madarar kowa a tanki ɗaya take haɗuwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙauyen da rijiya ma a da rabe take.

Sai dai da na nemi sunayen 'yan kwamitin ƙungiyar, abokiyata ta karanta su, ta yi shiru. Daga sunan mutum take gane gidansa. Yawancinsu Patidar ne, manyan masu gonakin yankin, su ne masu taba da ayaba, su ne masu 'yan'uwa a ƙasar waje. Kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi, haka doka ta ce, amma macen da ba ta da gona, wadda ke yankan ciyawar ɓaunarta a gefen gonar mai gidan da take yi wa ƙodago, da wuya ta ɗaga hannu a taro ta saɓa masa. Lissafina na nan daidai, yawan lita da yawan kuɗi, amma ko kaɗan bai hango wannan ciyawar ba.

Rana ta biyar muka shiga unguwar Dalit, wato gidajen da a da ake ƙyamar taɓawa, a can ƙarshen gari inda kwalta ta ƙare. A ƙofar gida akwai hoton Ambedkar, wanda shi ma Dalit ne, da shuɗiyar kwat. Matar gidan ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo mini ruwa a kofin ƙarfe, sai ta tsaya da na biyun a hannu tana kallon abokiyata, ba ta miƙa ba, ba ta mayar ba. Ta gane ta daga magana da suna. Abokiyata ta miƙa hannu biyu ta karɓa ta shanye. Ba wanda ya ce komai. Sai da muka fito, muna tafiya a bakin gona, ta ce mini ita Patidar ce, ƙauyen kakanninta bai fi tafiyar rabin awa daga nan ba, ta yi hutu a cikinsa tun tana yarinya, amma yau ne karo na farko da ta taka irin wannan unguwa, balle ta sha ruwa. Ta ce a gidan kakarta akwai kofin da ake ajiyewa a kan katanga don leburori. Muryarta na rawa. Mun karanta binciken da ƙungiyar Navsarjan ta fitar a 2010 a kan wannan ƙyama a ƙauyuka 1,589 na jihar, mun yi jarrabawa a kansa, ta ma fi ni maki. Na riƙe hannunta har muka iso gida.

Wata tambaya kuma ta taso mini da kanta. Kwana da kwanaki ina ganin karsana da saniya da ɓauna mata, ina mazan? A wurinmu saniya banki ce. In aure ya taso, ko rashin lafiya, ko aikin hajji, sai a ja bijimi a kai kara. In ta tsufa ta daina haihuwa, mahauci na jira. A Gujarat yanka saniya laifi ne, kuma tun 2017 hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin rai da rai. Darajarta a kasuwa tana hantsarta ne kawai. Ranar da ta ƙafe, ta zama baki mai ci ba ya kawowa. Masu hali suna kai ta gidan ajiyar shanu na masu ibada, wasu kuma su sake ta da dare. Su ne shanun da muke gani a tsakiyar titi suna cin leda, kuma su ne ke faɗa wa gonakin mutane. Ɓauna kuwa ba ta da wannan alfarma a addininsu, ana sayar da ita, kuma Indiya na cikin manyan masu fitar da naman ɓauna a duniya. Kaka ya ce mini yana girmama saniya kamar uwa, kuma na yarda da gaske yake, na ga yadda yake taɓa goshinta da safe. Amma da na tambaye shi in zai ƙara dabba wacce zai saya, bai yi jinkiri ba ya ce ɓauna.

In kuma saniyar ta mutu, mutanen unguwar ƙarshen gari ake kira su ja mushen su feɗe, gadonsu ke nan. A watan Yulin 2016, a kusa da garin Una na wannan jiha, wasu masu iƙirarin kare shanu suka ɗaure samari huɗu 'yan Dalit a jikin mota suka yi musu bulala saboda sun same su suna feɗe mushen saniya. Bayan haka dubban Dalit suka yi gangami, da yawa suka yi rantsuwar ba za su ƙara taɓa mushe ba. A daren da aka ba ni wannan labari daga bakin wani matashi na unguwar, na buɗe littafina na rasa a wane babi zan sa shi. Addini ne, ko doka, ko siyasar zaɓe, ko farashin lita? Daga ranar ban ƙara jin haushin jadawalin darussanmu ba.

Ranar Juma'a na koma Anand don in ci nama, don tun zuwana ganye da wake da tsala nake ci. Aka kwatanta mini unguwannin Musulmi, a ɓangare guda na garin. A wani ƙaramin shago na zauna da wani dattijo mai jan gemun lalle. Da ya ji abin da nake bincike, ya ce shi ma a da yana da ɓauna uku a ƙauye. A rikicin 2002 suka gudo. Alƙaluman da gwamnati ta bayar a majalisa sun ce Musulmi 790 da Hindu 254 aka kashe a jihar, kuma ƙauyen Ode da ke wannan gunduma na cikin inda aka ƙona mutane a cikin gida. Iyalai da yawa daga ƙauyukan kewaye suka tare a Anand ba su koma ba. Ya ce mai yiwuwa har yanzu lambarsa na nan a littafin ƙungiyar ƙauyensu, ba wanda ya kore shi, amma a gidan haya na birni ina zai kafa turke? Ya ƙi karɓar kuɗin shayina. Ya ce in gaishe da mutanen Najeriya, ya haɗu da su a Mina.

Saura kwana biyu mu tafi na ga waɗanda suka fi kama da namu. A gefen babbar hanya garke ya tare mu, fararen shanu masu tozo da manyan ƙahoni, irin da suke kira Kankrej, in ba ka lura ba ka ce bunaji ne. Mai korarsu dogo ne da fararen kaya da rawani, ya saɓa sanda a kafaɗa ya rataya hannuwansa a kai, tsayuwar da na sani tun ina yarinya. Rabari ne, cikin makiyayan da ake kira Maldhari. Na roƙi direba ya tsaya. Kukansa ɗaya ne da wanda ake yi a rugagen gida: filin kiwon gari, gauchar, kullum ƙanƙancewa yake, wannan ya yanka ya yi gona, wancan ya kafa masana'anta. Madararsa kuwa masu shayin bakin hanya yake sayar wa, don ƙungiya tana son mutumin da zai zo taga ɗaya sau biyu a rana, shi kuma yau yana nan, wata mai zuwa yana wata gunduma.

Na sha jin ana cewa a gida mu kwaikwayi Amul, ni ma da wannan niyya na rubuta shafuka huɗun nan. Har yanzu ina so a yi. Amma an gina tsarin ne a kan ɓaunar da ke ɗaure a bayan ɗaki, a ƙasa mai ruwan ban-ruwa da kwalta da wuta, kuma a kan yajin da manoman suka yi da kansu, ba wani ofishi ne ya kawo musu ba. Abin da ya fi tsorata ni shi ne littafin. A ruga, shanu na maigida ne amma nono na mace ne, ita ke kaɗa shi, ita ke fid da mai, ita ke kai shi gari, kuɗin kuma nata ne. Ranar da aka kafa wurin tattara madara a bakin ruga, aka zo da rajista aka ce ina mai shanun, to a ranar za a karɓe wa mata abin da suka gada tun kaka da kakanni, kuma rahoton shekara zai nuna an samu ci gaba.

Safiyar ƙarshe ni na ɗauki kwanon Masi zuwa layi. Na haddace lambar da harshensu, na faɗa, ma'aikacin ya yi murmushi ya buga. Ta ce in riƙe takardar, tana nan manne a bangon littafina. Ta cika mana gora da tsala mai gishiri, ta ɗora hannu a kaina, ta ce aavjo, kalmar sallamarsu, ma'anarta a sake dawowa.

A jirgi, bayan mun wuce Ajmer, na kira mahaifiyata. Bayan gaisuwa na ce, "Umma, wai Bafulatanar nan da ke kawo mana kindirmo, in ta sayar wa take kai wa kuɗin?"

Ta ce, "Wace irin tambaya ce wannan? Nata ne mana. Wa ya isa ya taɓa kuɗin nonon Bafulatana?" Sai ta ɗan yi shiru, ta ce ai rabonta da ganinta tun kafin kaka, an ce sun tashi sun yi kudu, yanzu da madarar gari ake dama furar gidan.